Abin da Sikelin Yaya Alhaji Ya Faɗa

Akwai shekara shida a rayuwata da ban taka gidan yayana Alhaji Mudi ba, shi ma bai taka nawa ba. Manyan cikinku kuna makaranta a Katsina da Zariya lokacin da abin ya faru, ƙananan kuma ba a yi maganar a gabansu. Na san kowannenku ya tsinci guntun labarin a bakin wani. Akwai wanda aka ce wa uwarku ta tona wa ɗan'uwanta asiri a bainar jama'a, akwai wanda aka ce wa kishin arzikinsa take yi. Yanzu da idona ya fara gajiya da ƙananan haruffa, na ga gara in rubuta muku da hannuna yadda aka yi, ku ji daga wadda ta zauna a kan kujerar.

Sai na fara da alherinsa, don kada ku raina shi. Da na gama sakandare, Baba ya ce karatun ya isa haka. Yaya a lokacin ƙaramin ɗan hatsi ne, yana bin kasuwannin ƙauye da buhu biyar ko shida. Shi ya yi wata guda yana zaman zauren Baba kullum bayan la'asar har Baba ya gaji ya ce a yi yadda ake so. Shi ya ɗauki akwatina a kansa daga ƙofar gida har tasha, ya raka ni Kaduna, ya kwana a masallaci sai da ya ga an ba ni ɗaki. A can na haɗu da kwamfuta, kuma a can wani malami ɗan Ghana, mai gajeren haƙuri, ya koya mana yaren rubuta manhajar kwamfuta da ake kira C. Ɗalibai da yawa sun tsane shi, domin ba ya rufa wa kowa asiri: kuskuren ɗigo ɗaya sai komai ya rushe. Ni kuwa shi ya shiga raina.

Ga abin da malamin nan ya dasa mini a kai, kuma sai kun gane shi za ku gane sauran labarin. A cikin kowace kwamfuta akwai babbar manhaja wadda take riƙe da komai, ni uwar manhaja nake ce mata. Sauran manhajoji, komai girmansu, ba sa iya taɓa komai da kansu. Ba sa taɓa waya, ba sa taɓa ma'ajiya, ba sa taɓa firinta. Duk abin da suke so sai sun roƙi uwar: buɗe mini ƙofa kaza, karanto mini abin da ya shigo, rubuta mini wannan a can, rufe. Yawancin masu rubuta manhaja ba sa sauka can ƙasa, suna aiki da kayan da wasu suka riga suka haɗa musu. Mu kuwa malamin ya tilasta mana mu yi roƙon da bakinmu, kira ɗaya bayan ɗaya. Ya kan ce manhaja tana iya nuna maka duk abin da ta ga dama a fuskar allo, amma abin da ta roƙi uwar ba ya ɓoyuwa ga wanda ya san inda zai kasa kunne.

Na dawo Jibiya na yi aure, na koyar a makarantar 'yan mata har na yi ritaya. A duk tsawon shekarun nan buga wasiƙa da zana tebur nake koyarwa, don su ke cikin manhajar karatu. Abin da na fi so babu wanda ya taɓa nema a wurina. Ina da wata tsohuwar kwamfutar cinya da na sa wa uwar manhajar da ake kira Linux, in na gama girki in buɗe in rubuta 'yan abubuwa don kada hannuna ya mutu. Babanku ya kan leƙo ya ce, har yau ana hira da aljanun? In ce masa sun fi mutane saurin amsawa.

A shekarar da nake ba ku labari Yaya ya riga ya zama babban mutum. Yana da rumbuna a kan hanyar Magama, yana sayen wake da aya daga Maraɗi yana turawa kudu. A gaban rumbunan ya kafa sikelin mota, irin faffaɗan ƙarfen nan da babbar mota take hawa gaba ɗayanta. A ƙarƙashinsa akwai na'urorin da ke jin nauyi, su tura lamba ta waya zuwa wani ɗan akwati a ofis, akwatin ya tura wa kwamfuta, kwamfuta ta buga takarda. Fuskar akwatin tsawa ta ƙona ta tun wata damina, ba a gyara ba, saboda haka abin da kwamfuta ta buga shi ne magana. Wani mutum daga Kano ne ya haɗa masa komai.

Akwai wani direba ɗan Maraɗi cikin masu kawo wa Yaya kaya, Sha'aibu, abokin babanku tun suna samari. In ya shigo Jibiya a zaurenmu yake sauka. Dogo ne, mai furfura a gemu, kullum yana tafe mana da cuku a cikin leda. Wata Alhamis ya zo ba a motarsa ba, a kan acaɓa. Na aika masa tuwo aka dawo da shi ko buɗewa bai yi ba. Sai na sa mayafi na tsaya a bakin zaure muka gaisa, na tambaye shi ko lafiya.

Ya ce, “Hajiya, shekara talatin ina bisa hanyar ga. Ban taɓa kwance igiyar tampol ɗin mutum ba. Yau ɗiyana na ji ana ce ma ubansu ɓarawo.”

Na ce, “Subhanallahi. Wa ya ce?”

Ya ce, “Maigidana. Sau ukku ana auna kaya ga baskil, sikelin mota na Maraɗi, in na iso nan a auna, sai a iske sun rage kamar buhu shidda. Ya ce saidawa nike bisa hanya. Ya amshe makullin kamiyo, motar da nike tuƙi, gaban yaran gareji. Hajiya, tsakanin Maraɗi da nan in ba wurin duwan ba, 'yan kwastan ke nan, ko ruwa ban tsayawa sha.”

Na ba shi haƙuri irin wanda ake ba mutum. Amma zan faɗa muku gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: da na koma ciki, a raina na ce wa ya sani, zamani ya yi tsanani, ko mutumin kirki yana iya zamewa. Sikelin Yaya ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba.

Bayan kamar mako biyu Yaya ya kira ni a waya. An ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, da aka tada janareta firinta ta ƙi buga komai, motoci sun yi layi har bakin titi, mutumin Kano kuma wayarsa ba ta shiga.

Ya ce, “Auta, ke da kike ta fama da abin nan, zo ki duba mana mana.”

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Shekara da shekaru ke nan, ranar ce ta farko da wani a gidanmu ya nemi ilimin da aka tura ni nema. Na ɗauki jakata na hau Keke Napep. Akawunsa, Malam Iro, dattijo mai shiru, ya tashi ya ba ni kujerarsa. Ba ni da rubutun asalin manhajar, mutumin Kano bai bar shi ba, don haka na yi abin da aka koya mini. Akwai wata 'yar manhaja da aikinta kawai ta laɓe tsakanin kowace manhaja da uwar, ta rubuto maka duk roƙon da aka yi da amsar da aka bayar. Na kunna ta. Cikin minti goma sha biyar na ga matsalar: manhajar sikeli tana cewa a buɗe mata ƙofar firinta da tsohon suna, uwar tana amsa mata babu wannan ƙofar, domin da wuta ta dawo sunan ya canza. Na gyara, firinta ta yi ƙara, Malam Iro ya yi hamdala, direbobi a waje suka yi ihu.

Da na tashi a lokacin, da labarin ya ƙare a nan. Amma na ce bari in ga mota ɗaya ta wuce lafiya, kuma ban kashe mai laɓen ba. Wata motar wake mai lambar Nijar ta hau. Layuka suka riƙa gudu a allona. Na ga manhajar ta ce, karanto mini daga ƙofar sikeli. Uwar ta miƙo mata 31240. Layi uku a ƙasa manhajar ta ce, rubuta mini wannan a firinta. Abin da ta miƙa 30620 ne. Na cire tabarau na goge da bakin mayafi na mayar. Na duba ko ta sake karantawa a tsakani, ko motar ta motsa. Ba ta sake ba. Lamba ɗaya ta karɓa, wata ta bayar.

Na ce wa Malam Iro ina so in zauna in ƙara lura da firintar. Na zauna har azahar. Mota bakwai suka hau. Biyar na masu kawo wa Yaya kaya ne, duk biyar ɗin an rage musu kashi biyu cikin ɗari. Biyu na kayan da Yaya ya sayar ne za su tafi kudu, su kuwa abin da sikeli ya faɗa shi aka buga, ko kilo ɗaya bai ɓace ba. Lalacewar na'ura ba ta san mai saye da mai sayarwa ba. Wannan hannun mutum ne. Sai fuskar Sha'aibu a zaurenmu ta faɗo mini, da kwanon tuwon da ya dawo a rufe, da abin da na raya a kansa. Na rufe kwamfutata.

Kwana uku ban gaya wa kowa ba. Gishiri ya yi yawa a miya, babanku ya ajiye cokali ya ce in faɗi abin da ke damuna. Na faɗa masa. 

Ya ce, “Kin tabbata? Ba a ɗora wa mutum irin wannan a kan zato.”

Na ce, “Malam, da idona na ga abin da ya shiga da abin da ya fita.”

Ya ce, “To me za ki yi?”

Na ce masa ba zan je wurin Yaya da zargi kawai a hannu ba. Zan je masa da magani. Zan rubuta wata manhajar da za ta maye gurbin waccan, wadda babu inda hannu zai shiga a cikinta.

Kwana tara na yi ina rubuta ta, daga bayan karin kumallo zuwa lokacin ɗora tukunyar rana. Ba ta kai layi ɗari uku ba. Ta buɗe ƙofar sikeli, ta karanta, ta jira lamba ta tsaya cak, sannan ta ɗauki wannan lambar yadda take ta miƙa wa allo da firinta da ma'ajiya. Ban sa mata haɗawa ko ragewa ko ɗaya a wannan hanyar ba. Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Ranar Juma'a ba a aiki a rumbunan, sai na karɓi makulli a hannun Malam Iro da sunan duba firinta, babanku ya kai ni da tsohuwar motarsa. Farkon gwaji shirme ne ya cika allon, wasu haruffa kamar tafiyar kaza, domin ban daidaita saurin da akwatin ke magana da shi ba. Na yi ta gwada sauri ɗaya bayan ɗaya har lambobi suka fito sarai. Sai wata ta taso: wani lokaci in na ce a karanto mini, uwar sai ta miƙo rabin lamba, sauran ya zo a kira na gaba. Motar babanku ta taɓa fitowa da nauyin kilo goma sha biyu. Dole na koya wa manhajar ta yi ta tarawa har ta ga alamar ƙarshen layi. Na kuma sa ta tilasta wa uwar ta sauke kowane awo a ma'ajiya nan take, kada ta riƙe a ka, saboda wutarmu da kuka sani. Babanku ya hau sikelin nan da motar ya sauka ya fi sau arba'in, rana tana dukansa, yana leƙowa ta taga yana cewa, aljanun sun yarda ko in sake? A karo na ƙarshe sau goma a jere lamba ɗaya ta fito. Na zauna ina kallon allon, ni kaɗai na san abin da na ji. Ina da shekara hamsin da wani abu, ranar na fara ganin abin da na rubuta ya taɓa ƙarfe ya dawo da gaskiya.

Ranar Asabar na sami Yaya a falonsa shi kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye masa takardar da na kwafe lambobin motoci bakwai ɗin. Har a lokacin ina fatan ya ce bai sani ba, mutumin Kano ne ya cuce shi. Ya duba takardar, ya ninke ta biyu, ya ajiye.

Ya ce, “Na sani. Ni na ce a sa.”

Na ɗago kai na dube shi.

Ya ce, “Ke malamar makaranta ce, ba ki san kasuwa ba. Kin san yawan yashi da tsakuwar da nake tankaɗewa daga kowace mota? Kin san waken da ake kawo mini da danshi, ya bushe a rumbuna ya rage? Hakkina nake cirewa.”

Na ce, “Yaya, in hakkinka ne, ka cire a fili. A buga nauyin gaskiya, a ƙasa a rubuta an cire kaza saboda ƙasa da danshi, mai kaya ya gani ya yarda ko ya ƙi. Yanzu ga Sha'aibu can an karɓe masa mota ana ce masa ɓarawo, buhu shidan nan kuwa suna rumbunka.”

Ya ce, “Sha'aibu zai sami wata motar.”

Na ce, “Sunansa fa?”

Na gaya masa na rubuta wata manhajar, kyauta, a yau ma zan iya sa masa. Abu ɗaya na roƙa, ya kira maigidan Sha'aibu ya ce masa sikelinsa ne ya sami matsala. Ban ce ya faɗi fiye da haka ba. Ya miƙe tsaye.

Ya ce, “Ni na ɗauki akwatinki a kaina, Rabi. Ashe karatun da za a zo a auna ni da shi na kai ki.”

Tun ina yarinya Auta yake ce mini. Ranar ya kira sunana.

Kafin magariba maganar ta kai wurin Inna. Ta aiko a kira ni. Kun san Inna ba ta taɓa faɗin sunan Yaya ba, ɗan fari ne, sai dai ta ce wancan. Na same ta a kan darduma da carbi, ta tsufa sosai a lokacin.

Ta ce, “Mi ya haɗa ki da wancan?”

Na faɗa mata komai, da sauƙin da zan iya.

Ta ce, “Ni ban san na'ura ba. Abin da na sani, ciki ɗaya kuka fito. Ki rufa mashi asiri, Allah Ya rufa maki.”

Na ce, “Inna, na rufa. Ban gaya wa kowa ba sai Malam. Amma akwai wanda aka tona wa nasa asirin a kan abin da bai yi ba.”

Ta ja carbinta. Can ta ce, “Baƙon nan mai kawo cuku?” Na ce shi. Ta ce, “Allah Sarki.” Ba ta ƙara ba. Ba ta ce in yi ba, ba ta janye roƙonta ba, haka na tashi da duka biyun a kaina.

Ban kai ƙarar kowa ba, wannan ku riƙe shi da kyau. Sha'aibu ne ya yi ta bin manyan 'yan kasuwar hatsi yana rantsuwa, har suka ce maigidansa ya zo daga Maraɗi a gwada sikelin a gaban kowa. Da aka tambayi wanda ya san na'urar, Malam Iro ya ce Hajiya Rabi ce ta gyara ta kwanan baya. Suka aiko wa babanku cewa ana neman izini in zo ranar Talata. Babanku ya ce mini shi ba zai ce in je ba, ba zai ce kada in je ba, amma in na tashi zuwa shi zai kai ni. Ranar Litinin na aika wa Yaya saƙo a waya: an kira ni gobe, zan je, kuma in an tambaye ni ba zan yi ƙarya ba, har yanzu akwai lokacin da za ka riga ni. Na ga alamar ya karanta. Bai amsa ba. Yana da dare guda da zai iya sa a cire kwamfutar, ko a canza kwaɗon ofis, ko a ce sikeli ya lalace. Bai yi ko ɗaya ba. Na daɗe ina tunanin wannan, kuma ina so ku ma ku sa shi a ma'auninku in kuna auna kawunku.

Ranar Talata da hantsi mutum kusan ashirin suka taru. Yaya bai zo ba. Na ce a kawo buhun siminti arba'in daga shagon da ke kusa, tunda kowa ya san nauyin buhun siminti, arba'in tan biyu ke nan. 'Yan dako suka jera su a kan ƙarfen. Na ce Malam Iro ya auna kamar yadda yake auna kayan da aka kawo sayarwa. Takarda ta fito, 1960. Na zare wayar sikeli daga kwamfutar ofis na sa a tawa, na juya allon ya kalli jama'a. 2000. Wani dattijo ya ce a sake. Aka sake sau uku.

Maigidan Sha'aibu, wani kakkauran mutum mai rawani, ya matso ya ce, “Hajiya, wace ta ke da gaskiya cikinsu?”

Na ce, “Alhaji, tawa ba ta da wayon komai. Abin da ƙarfen ya faɗa shi take maimaitawa. Ga siminti nan, ku ƙirga.”

Wani ya ce, “To wa ya sa waccan take ragewa?”

Na ce, “An kira ni in faɗi abin da na'ura take yi, na faɗa. Wannan tambayar ba tawa ba ce.”

Babu wanda ya sake tambaya, don babu wanda bai gane ba. Mai rawanin ya juya ya nemi Sha'aibu a cikin mutane. Ya laluba aljihu ya fito da makulli, ya kama hannunsa ya sa masa, ya riƙe hannun da nasa biyu, ya ce ya yafe masa don Allah, a gaban kowa ya faɗa kamar yadda a gaban kowa ya ɓata shi.  Sha'aibu ya ja gefen rawanin da ke wuyansa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna motsi. Ni kuma na naɗe wayoyina na shiga mota. Sai da muka wuce kasuwa na fashe da kuka, babanku ya gangara gefen titi ya kashe mota ya jira ni.

Yadda manyan suka sasanta da Yaya ban sani ba, ban tambaya ba. Abin da na sani, sun ce ba za a ƙara hawa sikelin ba sai da manhajata a kai, aka kuma gyara fuskar akwatin aka kafa ta a waje inda direba zai gani daga kujerarsa. Na je na sa, Malam Iro ya buɗe mini, Yaya bai fito ba. Daga baya aka ƙara layi a ƙasan takardar don abin da za a cire na ƙasa da danshi, a fili, da sa hannun mai kaya.

Abin da ya biyo baya kun ga wani sashensa. An aurar da Zainab ɗinmu babu kawunta a wurin ɗaurin aure, ƙanin babanku ya tsaya. Matan dangi in na shiga taro sai hira ta mutu. Wata gwaggonmu ta ce a gabana boko ya cinye mini zuciya. Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne jinyar Inna ta ƙarshe: shi da safe yake zuwa, ni da yamma, kamar an raba mana. Ta rasu ba ta gan mu a ɗaki ɗaya ba. Wannan har gobe yana nan a ƙirjina, kuma ba zan ce muku gaskiyar da na tsaya a kai ta goge shi ba. Kasuwar Yaya ta ja baya shekara biyu, sannan ta dawo, domin direbobin Maraɗi sun riƙa gaya wa juna cewa akwai baskil ɗaya a Jibiya da ba a gardama da shi. Har waɗanda ba shi za su sayar wa kaya ba suna biyowa su auna. Wasu masu sikeli biyu, ɗaya a Katsina ɗaya a can tsallake, suka aiko na sa musu irin ta. Yau shekara nawa tana aiki, an canza kwamfuta sau biyu, an canza firinta ban san adadi ba, ba ta taɓa buga lambar da ba a ba ta ba. Ni na rubuta ta, a kan tabarmar tsakar gidan nan, tsakanin wanke-wanke da ɗora tukunya. Ba na jin kunyar in ce ina alfahari da ita.

A shekara ta shida Yaya ya sami shanyewar ɓarin jiki. Ban jira a kira ni ba. Na shiga ɗakinsa, na same shi a jingine da matashi, ya rame, bakinsa ya ɗan karkace. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni. Da ya yi magana, a hankali take fita, kalma ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, “Abin nan naki. In kin mutu, wa zai gyara?”

Na ce, “Akwai mai gyarawa, Yaya.”

Ya ce, “Wa?”

Na ce, “Hadiza.”

Hadiza 'yarsa ce ta uku, tana aure a unguwarmu. Shekara huɗu ke nan tana shigowa wurina duk Asabar da goyonta a baya, da sanin mijinta, ba da sanin ubanta ba. Ita ta zo da kanta ta ce in koya mata abin da ya raba gidanmu, tana so ta gani da idonta. Canjin kwamfuta na biyu ma ita ta yi, ni ina zaune ina ba ɗanta kunu.

Ya ce, “Hadiza tawa?”

Na ce, “Taka.”

Ya ce, “Ta iya?”

Na ce, “Ta fi ni.”

Ya rufe ido. Sai na ga ɓarin fuskarsa mai lafiya yana motsi, na tsorata na zaci ciwon ne, ashe dariya yake yi.

Ya ce, “Ashe cutar ta gida ce.”

Ya ɗaga hannunsa mai motsi ya nuna gefen gadon. Na tashi daga ƙasa na zauna a wurin, na kai har la'asar.